Gyaran banɗakin gidanmu na Ƙaura: abin da biro da takarda suka nuna min

1/ Duk wanda zai gyara banɗaki a gidan iyayensa, kafin ya shiga shagon tayil ya fara zaɓen kala, ya ɗan tsaya ya karanta wannan zaren. Wata uku ke nan muna shirin namu a Ƙauran Namoda, ko bulo ɗaya ba a aza ba tukuna, kuma da dalili. 🧵

2/ Gidan namu irin na da ne: zaure, tsakar gida, ɗakuna a kewaye, rijiya a gefe, can ƙurya kuma makewayi. Masai ɗaya, wurin wanka ɗaya, guntuwar katanga ta raba su, babu rufi. Lokacin da aka gina shi mutum shida ne a gidan. Yau mu 14 ne idan kowa yana nan.

3/ Ba haihuwa kaɗai ta ƙara mu ba. Gwaggo da 'ya'yanta biyar sun taso daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi tun da kwana a can ya gagara. Duk ɗan Ƙaura ya san irin wannan labarin. Ɗaki dai ana matsawa a kwana mutum bakwai, amma masai ɗaya bayan ɗaya ake shiga.

4/ Da asuba za ka ga butoci a jere bakin makewayi, kowace tana riƙe wa mai ita layi. Ƙananan yara idan ta matse su sai bayan katanga. Gwaggo kuwa, saboda kara, sai ta bari kowa ya gama, ko da rana za ta kusa fito mata ba ta yi sallah ba.

5/ Amma wadda ta tayar da maganar gyaran Inna ce. Gwiwoyinta sun daina yarda da tsuguno. Ƙanwata ta lura daga la'asar Inna ba ta ƙara shan ruwa, ko a zafin Afrilu. Da aka matsa mata sai ta ce: "To mi za ni yi? In na sha, dare ya yi, wa ka tada ni in na duƙa?"

6/ Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Tsohuwa tana hana kanta ruwa a lokacin da zafi ke haura digiri 40, don kawai kada ta tashi ɗiyarta cikin dare ta kama ta a makewayi. Nan mu huɗu da ke da abin yi muka ce a haɗa kuɗi, a rushe a sake.

7/ Da aka buɗe guruf a WhatsApp, hotuna ne suka fara shigowa. Yaya ya turo na wani otal a Abuja: baƙin tayil mai sheƙi, shawa ta gilashi, madubi mai fitila. Kowa ya sa 😍. Ya yi kyau kam. Na ce a ba ni mako biyu in zauna da biro da takarda.

8/ Lissafin farko: RUWA. Masai mai tanki yana sakin wajen lita 6 a dannawa ɗaya, tsohuwar ƙira 9 zuwa sama. Mutum 14, kowa sau 4 a yini, a lita 6, ya tashi lita 336. Sama da jarka 13 masu lita 25 ke nan kullum, ba a yi wanka ba, ba a ɗora tukunya ba.

9/ Rijiyarmu kuwa daga Maris sai ta ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka. Lokacin 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da gidan, kuɗin kura kuma yana hawa tare da rana. Na sha shiga gidajen da aka sa farin masai, tankinsa ya shekara a bushe, warinsa ya fi na gargajiya.

10/ Shi ya sa muka koma kan wanda ake kora wa ruwa da hannu, da ƙaramin bokiti. Lita 1 zuwa 3 ta ishe shi. Akwai ma na roba, SATO, mai murfi a ƙasa da ke buɗewa ya rufe da kansa. Ko lita ɗaya ba ya ci, yana tare ƙuda da wari, har mai kujera suna yi.

11/ Wanda ruwa ke yi masa wuya ƙwarai ma yana da mafita. Masai na gargajiya, a sa masa bututu mai faɗi daga ramin ya zarce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Iska na jan wari sama, ƙuda ya bi haske ya maƙale. A Zimbabwe Peter Morgan ya fito da dabarar a shekarun 1970.

12/ Lissafi na biyu: RAMI. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta suka fi bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake. Na ari tef na auna namu. Mita 12 ne.

13/ Ƙaura a bakin gulbin Gagare take, unguwarmu kuma yashi ne, ruwa na ratsa shi ba wuya. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa. Abin da ke cikin ramin da abin da ke cikin rijiyar sai su gaisa a ƙarƙashin ƙafarmu, mu kuma a sama muna jan guga muna cika randa.

14/ Ba tsoratarwa ba ce. A 2021 hukumar NCDC ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Mutanen Shinkafi da Zurmi ba sai an ba su labarin amai da gudawa ba.

15/ Gaskiya a gidan cikin gari da wuya ka sami mita 30, gidan gaba ɗaya ma bai kai ba. Abin da muka tsayar: rami ya koma ƙuryar da ta fi nisa da rijiya, ta ɓangaren gangare, ya yi faɗi maimakon zurfi. A ɗaga bakin rijiya a rufe ta, ruwan sha kuma daga burtsatse ko a sa masa kulorin.

16/ Sai wata ta taso. Ƙuryar da na zaɓa a takarda, da na leƙa ta katanga, ashe rijiyar maƙwabcinmu tana nan bayanta, taku kaɗan. Mu kuɓutar da tamu, mu zuba a tasa. Kuma shi ba zai taɓa sani ba, sai dai yaransa su yi ta ciwon ciki a ce haƙori ne.

17/ Baba da ya ji, ko musu bai yi ba. Bayan Magariba ya kira maƙwabcin zaure, suka zagaya gidajen biyu da tocila, ana auna taku. Aka koma ƙuryar kudu, inda garken awaki yake. Zai ci ƙarin bututu da ƙarin kuɗi. Baba ya ce haƙƙin maƙwabci ya fi bututu tsada.

18/ Ga dabara kyauta: zurfin ruwan rijiya a watan Agusta ko Satumba ake aunawa, lokacin da ya fi tasowa. Idan ka auna a Afrilu za ta yi maka ƙarya, ka haƙa rami mai zurfi, damina ta zo ya koma tafki. Wannan ne ya sa muka jira wata uku ɗin da na faɗa a sama.

19/ Maginin da za mu ba aikin dattijo ne daga Shinkafi. Na nuna masa zanena, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan bututun da ya haɗa wurin wanka da masai, ya ce: "Ɗana, raba su. Ruwan wanka shi ka cika masai, ba mutane ba." Na ce Baba na ji.

20/ Wankan mutum 14 idan ya bi cikin ramin masai, ƙasa ba ta iya shanye shi, kafin shekara ta zagayo kana neman masu kwasa. Sakin sa a kwatar layi kuma kiwon sauro ne. Don haka ruwan wanka zai sami nasa ƙaramin rami mai cike da duwatsu. Bututun masai inci 4, na wanka inci 2.

21/ Ya kuma kawo shawarar rami biyu maimakon ɗaya. Ana amfani da ɗaya, idan ya cika a juya bututu zuwa ɗayan, a rufe na farkon ya huta kamar shekara biyu. Kafin nan ya bushe ya koma kamar ƙasa, kwasarsa da shebur ne. A Indiya an daɗe ana yin haka a miliyoyin gidaje.

22/ Nan rigima ta tashi a guruf. Kuɗin rami na biyu da zagaye shi da bulo, don yashi ba ya riƙe kansa, ya kusa cinye na tayil. Yaya ya ce: "Yanzu duk abin da muka tara cikin ƙasa zai tafi? Baƙo ya shigo me zai gani?" Ban ga laifinsa ba, guminsa ne.

23/ Kuma na gane abin da ke ransa. Ɗan da ke aiki a birni yana so idan an shiga gidan uwarsa a ga alamar ta haifa. Amma tayil ana iya ƙarawa baɗi, bango na nan ba inda za shi. Rami da bututu da gangarar daɓe kuwa, idan aka rufe su da kuskure, sai an fasa komai.

24/ Lissafi na uku: INNA. Banɗakinta zai jingina da ɗakinta, taku biyar daga gado, babu matakala ko ɗaya. Ƙofa mai faɗi, kuma ta buɗe WAJE. Idan tsoho ya faɗi a ciki ya tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, sai an ɓalle ta kafin a kai gare shi.

25/ Kujerar masai ta kai wajen santimita 45 daga ƙasa, don tashi ya yi sauƙi. Ƙarfen dafawa a gefe, a dasa shi cikin bulo da siminti, ba a ɗaure da kusa a jikin filasta ba. Famfo a ƙasa kusa da hannu saboda tsarki. Dakalin zama na alwala. Fitilar sola, tun da wutar gari ba ta da alƙawari.

26/ Tayil mai sheƙin nan na hoton Yaya, idan ruwa da sabulu suka taɓa shi santsi ne zalla. Karayar ƙugu a jikin tsoho ba ƙaramin abu ba ne, wasu daga nan ba sa sake takawa. Ƙasa dai mai kaushi za a sa, da gangara santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana.

27/ Kada ku ɗauka Inna ta yi murna nan take. Cewa ta yi ita ba ta zama inda wani ya zauna, kuma tana tsoron fallatsin najasa a tufafin sallarta. Damuwa ce ta gaske, ba ƙauyanci ba. Da aka ce nata ne ita kaɗai, makulli a bakin zanenta, sai ta ce: "To Allah shi yi albarka."

28/ Baba kuma nasa sharaɗin alƙibla ne. Malamai suna da bayani kan hukuncin idan a cikin gini ne, amma shi ya ce a kauce gaba ɗaya. Daga nan wajenmu alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa, don haka duka masan za su fuskanci kudu. A takarda juyawar kyauta ce.

29/ Sauran gida za su sami masai biyu na tsuguno da wurin wanka biyu, ɗaya na mata ɗaya na maza, da rufin kwano da ƙofa mai sakata. Ɗiyan Gwaggo 'yan mata ne sun fara girma. Yarinyar da aka raba da garinsu, aƙalla ta sami inda za ta rufe ƙofa ba mai jiranta da buta.

30/ Sai hanya. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura daga Zariya, nan layin ya ƙare. Yau kayan aikinmu mota za ta ɗauko daga Gusau, a sawu ɗaya, da rana tsaka. Magini kuma a zaure zai kwana har a gama. Ba mai sa dattijo zirga-zirga a hanyar Shinkafi saboda banɗaki.

31/ Tsarin aikin: bayan girbi, ƙasa ta tsane. Rami farko, sai bututu, sai gini. Silab ya sha ruwa aƙalla kwana bakwai, don iskar hunturu na busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Mun ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin a gefe, saboda farashin siminti ba ya jiran kowa.

32/ Tsohon makewayi shi ne na ƙarshen rushewa, sai sabon ya fara aiki, in ba haka ba mutum 14 ina za su? Daga nan a cike ramin da ƙasa. Kuma don Allah, ko waya ce ta faɗa masai, kada kowa ya shiga. Iskar da ke ciki tana kashe mai shiga da mai bin sa ceto.

33/ A 2019 Buhari ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Binciken 2021 ya ce kusan mutum miliyan 48 ke yi. A 2022 aka ayyana Jigawa jihar farko da ta fita. Gidanmu a lissafi mai masai ne, amma yara na zuwa bayan katanga, tsohuwa na ƙin shan ruwa.

34/ A ƙarshe Yaya ya yarda: tayil iya ƙugu a banɗakin Inna, sauran filasta da fenti, ragowar baɗi in da rai. Ya ce amma madubi mai fitilar nan shi zai saya da kuɗinsa, kada wanda ya sa masa baki. Mun bar masa 😂

35/ Masu iyaye tsofaffi a gida, ku tambayi ƙannenku mata da ke kwana da su yadda dare ke wucewa, su iyayen ba za su faɗa muku ba. Wanda kuma ya taɓa yin rami biyu a ƙasa mai yashi, a Ƙaura, Zurmi ko Shinkafi, ya faɗa min yadda ya kaya da damina kafin mu sa diga. Allah Ya ba iyayenmu lafiya. 🤲