Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata a Kan Kuɗin Fiton Kayanta

Gwandu,
Jihar Kebbi.

Ƙanwata,

 Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar ɗiyata, kuma sanyin Birmingham bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Ranar Juma'a na biya Kalgo na gaida Hajiya surukarki, duk mutanen gidan suna lafiya, ta ce a shafa mata kan jikarta.

Maganar kayan nan ce ta sa na zauna rubutu. Na saurari saƙonki na murya, na ji yadda ranki ya ɓaci, ban kuma ga laifinki ba. Mutum yana ɗokin saƙon mahaifiyarsa, sai a jefo masa kati ta ƙofa wai sai ya biya kafin a ba shi, ya daure ya biya, ya buɗe kwali ya tarar an zare kilishi da man shanu an bar masa takarda a gurbinsu. Kowa aka yi wa haka sai ya ji ciwo. Na gwammace in rubuto saboda akwai ƙa'idoji da lissafi da nake so ki ajiye ki nuna wa maigidanki, a waya kuwa kin san ba mu kai ƙarshen zance kafin Inna ta karɓe.

Kin tambaye ni, "Yaya, ta yaya za a ce in biya kuɗi a kan abin da uwata ta aiko mini?" Inna ma abin da ta faɗa ke nan da na gaya mata: "Ai ba sayar mata na yi ba." Ina zaune lokacin da ta haɗa kayan. Kukar nan da hannunta ta tankaɗe ta sau biyu, ta ɗura a gwangwanin madara, ta liƙe murfin. Daddawa sai da ta naɗe ta a leda uku don kada warinta ya kama rigunan yarinya. Turaren wuta ta cusa kwalbarsa cikin safa. Kilishin ta sa an yi shi ne musamman, da ƙarancin yaji, domin ta san cikinki. Duk wannan ni na gani. Ma'aikacin kwastam na can bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya zo gabansa kwali ne da fom manne a jikinsa, kuma da abin da ke rubuce a fom ɗin ya yi aiki.

Ga yadda dokarsu take. Idan wani ya aiko wa wani kyauta daga wajen Birtaniya, mutum zuwa mutum, ba kamfani ba, kuma darajarta ba ta wuce fam 39 ba, babu abin da za a biya. Da zarar ta haura fam 39, harajin VAT ya hau kanta, kashi 20 cikin 100, alhali namu na nan kashi 7.5 ne. Idan ta wuce fam 135 kuma sai a ƙara kuɗin fito a kai, wanda ga kyauta ba ya wuce kashi 2.5 matuƙar ba ta haura fam 630 ba. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa harajin ba, har da kuɗin aikawa da na inshora. Ɗauki misali kwali mai kayan fam 80 da aka biya daidai da fam 70 wajen aika shi: a kan fam 150 za a yanka, ya zama fam 30, sannan kamfanin da ya kawo ya ɗora nasa kuɗin hidima don ya tsaya miki a gaban kwastam. Mai aikawa daga Kebbi, wanda nisa ya riga ya sa kuɗin aikawarsa tsada, shi ya fi kowa jin jiki. Ban ga adalci a nan ba, kuma fam 39 ya yi kaɗan ƙwarai. To amma ba mu muka rubuta ba, ba kuma za a canza don mu ba.

Sai dai akwai sauƙi a cikin dokar da ba mu ci moriyarsa ba. Tufafin ƙananan yara, da littattafai, da yawancin kayan abinci ba a ɗora musu VAT a Birtaniya. Haka kuma idan kwali ɗaya yana ɗauke da kyautar mutum biyu ko uku, aka naɗe ta kowa daban, aka rubuta sunansa, aka jera ta daban a fom, to kowa yana da nasa fam 39. Yaron da ya cike mana fom a kamfanin da muka kai kayan layi ɗaya ya ja, ya rubuta tufafi da abinci, ya sa jimillar kuɗi guda. Da an rarrabe rigunan yarinya, da hular maigidanki, da mayafinki, da kuka da kuɓewa, kowanne da nauyinsa da kuɗinsa, da abin da kika biya ya ragu sosai, ko ma a ce babu. Nan gaba ni zan zauna in rubuta jerin a gida, in je da shi, in tsaya a kansu har a kwafe shi yadda yake.

Kilishi da man shanu kuwa maganarsu daban ce, ba ta kuɗi ba ce. An hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu kwata-kwata, ɗanye ko busasshe, a jaka ko a gidan waya, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Ko nawa za ki biya ba za a ba ki ba, lalata shi ake yi. Wake ma a cire shi daga lissafi, tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Busasshen kifi yana da sauƙi: matafiyi zai iya shiga da har kilo 20, zuma kuma kilo 2. Don haka kifin Kalgo da kike kwaɗayi sai ranar da ɗayanku ya zo gida ya koma da shi a jakarsa. Na gaya wa Inna gaskiya cewa kilishin bai iso ba. Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ki kira ta ki yaba kukar da turaren, za ta ji daɗi.

Yanzu babbar maganar, wato sauran kayanki da ke jibge a ɗakinki na Kalgo. Da na je, ƙanen maigidanki ya kawo shawara biyu, na kuma san da kyakkyawar niyya ya kawo su, amma ban yarda da ko ɗaya ba. Ta farko, wai a riƙa aikawa kaɗan-kaɗan ana rubuta ƙaramin kuɗi a fom. Ƙanwata, fom ɗin nan sa hannu ake yi a ƙasansa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ni ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zan so a yi da sunanki ba. Ban da zunubin, suna da ikon buɗe kwali su yi masa kuɗi da kansu, ko su riƙe shi, kuma sunanki da adireshinki ne a jiki, ke da zamanki a ƙasar ya rataya a kan biza. Idan kayan suka ɓace a hanya kuwa, ɗan abin da aka rubuta shi kaɗai za a biya ki.

Ta biyu, wai ya san wani mai yawan tafiya da ake ba bakko a filin jirgi ya wuce da ita a matsayin tasa, a sallame shi. Wannan ta fi ta farko ba ni tsoro. Kin tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba? Watanni ta yi a tsare kafin gaskiya ta bayyana a 2019 a sake ta. Duk inda jaka ta fita daga hannun mai ita ta shiga hannun wanda ba a sani ba, ba ki san me za a ƙara a ciki ba, ba ki kuma da wanda za ki riƙe. Kada mu ba kowa, kada ku karɓar wa kowa.

Mu nan mun taso muna ɗaukar kwastam a matsayin lamarin 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci. Ke da kika zauna Kalgo, a bakin hanyar da ta bi ta Bunza zuwa iyakar Kamba, kin ga yadda aka yi lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kullum zancen shinkafa ne da man fetur. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce mai ƙaura da tukwanensa shi ma yana da takardar da zai nema. Alhali akwai ta, kuma ita ce mafitarki.

Hukumar haraji da kwastam ta Birtaniya, HMRC, tana yafe VAT da kuɗin fito gaba ɗaya a kan kayan wanda ya mayar da zamansa ƙasar. Ana nema ne ta intanet da fom mai suna ToR1, kuma neman kyauta ne. Sharuɗɗan su ne: ki zama kin zauna a wajen Birtaniya wata 12 a jere kafin ki koma, wannan ba ki da matsala, kayan su zama naki ne kina amfani da su aƙalla wata 6 kafin tafiyarki, ke kuwa kin fi shekara a ɗakinki kafin ki tashi, su shiga ƙasar cikin wata 12 daga ranar da kika sauka, kuma kada ki sayar ko ki ba da aronsu ko hayarsu har sai sun shekara a can. Za su buƙaci jerin kayan, da shafin fasfonki mai hoto, da shaidar inda kike zaune yanzu, da ta inda kika baro. Idan sun amince sai su ba ki lamba, ki ba kamfanin da zai ɗauko kayan, shi ya sa ta a takardun shiga. Lambar nan ita ce komai. Kayan da suka iso babu ita, a matsayin haja za a lissafa su, kuma kowace rana da suka yi a ma'ajiya ana jiran takarda akwai kuɗin da ke hawa.

Sharaɗi na uku shi ke hana ni barci. Wata takwas ke nan da tafiyarki, saura huɗu. Dole kayan su bar Kalgo a mota zuwa Legas, su jira a cika kwantena, jirgin ruwa ya ɗauki makonni, ga jiran amsar hukumar ita kanta. Idan muka yi sanyin jiki wata ɗaya, mun shiga matsi.

Ba kuma komai za mu aika ba, a nan ina so ki saurare ni ko da ba zai yi miki daɗi ba. Gado da katifa da kujeru da kabad su zauna. Kuɗin ɗaukarsu ya fi ƙarfin amfaninsu, ɗakunan can ma kin ce ƙanana ne. Abin da ya cancanci tafiya shi ne ɗinkakkun atamfofinki da lesuka da mayafai, zannuwan gado, Alƙur'aninki da littattafanki, keken ɗinkinki, tukwanen da Gwaggo ta saya miki, da kwanonin da kika fi so. Turamen atamfa na lefe da ba a ɗinka ba, waɗanda har yanzu takardar kamfani ke manne a jikinsu, ina ganin a bar su. Duk wanda ya buɗe akwati ya ga turmi goma sha a jere a ninke, kasuwanci zai gani, kuma ba za ki iya cewa kin yi amfani da su ba. Gwal ɗinki yana wurin Inna a kulle, can zai ci gaba da zama har ki zo da ƙafarki.

Ki gode wa Allah ma ba Amurka kike ba. Tun ranar 29 ga Agustan 2025 suka soke rangwamen da suke yi wa ƙananan kaya na ƙasa da dala 800, har hukumar gidan waya ta NIPOST ta sanar cewa duk ƙunshin da za a aika can, ban da wasiƙu da takardu, sai an biya dala 80 tun daga nan. Kawu ya fasa aika wa ɗansa kayan Sallah saboda haka. Ta ɓangarenmu kuma an ɗan sassauta: daga Satumban 2025 kwastam ta Najeriya ta daina karɓar kuɗin fito a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, don haka takalmin da kike son aiko wa Inna ba zai zama wahala ba. Ki dai rubuta gaskiyar kuɗinsa, ki haɗo da rasit.

Abin da nake roƙonki shi ne ki zauna da maigidanki a daren da wannan takarda ta same ku, ku yanke abin da za a ɗauko da abin da za a bari, ki turo mini. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma Kalgo tare da matata, Hajiya ta buɗe mana ɗakin, mu fito da komai mu ƙirga, mu ɗauki hoto, mu auna, in turo miki jerin ki sa a fom. Shi kuma maigidanki ya kira ƙanensa da kansa ya ba shi haƙuri a kan shawarar da ya kawo, don kada ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa. Kada ki tura wa kowane ejan ko sisi, kada kuma kwali ko ɗaya ya bar Kalgo, sai lambar ta fito.

Inna, da Gwaggo, da matata da yara duk suna gaishe ku. Allah ya tsare ku, ya raya mana yarinya, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naki,
Yayanki.