Akwatin tarawa da tafkin Kainji

Mutanen bakin kogin Kwara daga Shanga zuwa Yelwa sun san ruwa biyu ne ke zuwa musu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga Agusta zuwa Oktoba, cike da laka. Baƙin ruwa kuwa sai lokacin sanyi, bayan ya taso daga tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000, duka biyun a tafki ɗaya suke taruwa.

Da wannan sanin na girma, amma sai da na fara koyar da lissafin tarawa, wanda injiniyoyi ke kira intigiral, na gane ciko da janyewar tafkin nan lissafi ne da ake iya zanawa. A manhaja irin Simulink, ko Xcos da ke cikin Scilab, wadda kyauta ce kuma ita na fi ba ɗalibai, ba a rubuta dogon lissafi. Akwatuna ake jerawa a haɗa su da layi: ɗaya na ruwan da ke shiga, ɗaya na wanda ke fita, ɗaya ya ɗebe wannan daga wancan, sannan akwatin tarawa mai alamar 1/s. Aikinsa kamar randa ce a ƙarƙashin indararo, abin da ya zubo shi take riƙewa. Ka faɗa wa manhajar ranar farawa da ranar tsayawa, adadin da ke cikin akwatin a ƙarshe shi ne amsarka.

Akwatin nan bai san jiya ba. Idan ka bar shi ya fara daga sifiri, abin da ya ƙaru tsakanin ranakun biyu kawai zai ba ka. Idan kuwa yawan ruwan tafkin kake nema, dole ka fara gaya masa abin da ke ciki tun farko. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, su ɗauki ƙari su ce shi ne duka.

Sai batun lokaci. Gudun ruwa da daƙiƙa ake auna shi, bayanan kuma rana-rana ake rubuta su, rana ɗaya kuwa daƙiƙa 86,400 ce. A ce shiga ta fi fita da mita kubik 1,000 a kowace daƙiƙa: a rana ɗaya an tara miliyan 86.4. Adadin yana da ban tsoro a allo, amma in aka shimfiɗa shi a kan tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,250, santimita bakwai ne kacal. Kwana goma a haka kuwa, gonar da ke bakin ruwa ta shiga uku.

Abin da ya fi kama ni shi ne zanen da manhajar ke fitarwa. Ranar da kogi ya fi gudu ba ita ce ranar da tafki ya fi cika ba. Gudun zai fara raguwa, tafkin yana ta hawa, kuma ba zai tsaya ba sai shiga ta sauko daidai da fita. Masunta da manoman albasa na Yawuri sun san haka tun kafin kwamfuta ta zo; ba sa gaggawar shuka a bakin ruwa don kawai kogi ya lafa. Ina so ɗalibanmu su ga cewa abin da iyayensu ke faɗi shi ne layin da ke kan allo.

Akwai kuma ruwan da ba ya bi ta injin wuta ko ƙofar madatsa, wato wanda rana ke sha a bazara. In ba ka ba shi akwatinsa ba, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta nuna maka ruwan da ya fi wanda ke cikin tafkin a watan Afrilu, alhali masu jiragen Ngaski suna ta turo jiragensu cikin taɓo.