Talabijin Mai Ƙusumbi: Daga Riyad Zuwa Shagon Mai Gyara

Duk wanda ya yi zaman ci-rani a Riyad a shekarun 1980 ya san cewa babbar tsarabar komawa gida ita ce talabijin mai kala. Ni ma ina cikin wannan ayari. A kasuwar Batha muke sayo su, National ko Sharp, mai ƙarfin aljihu kuwa ya ɗauki Sony Trinitron. Daga nan sai Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, wanda aka buɗe a 1983, kimanin kilomita 35 arewa da birnin. Ginin sabo ne fil, ga katafaren masallaci a tsakiyarsa da ke ɗaukar mutum 5,000. A layin awon kaya za ka ga kwalaye an ɗaure su tamau da igiya, an cusa barguna da darduma a gefe don kada kwalbar hoto ta fashe. Kowa ya rubuta sunansa da garinsu da manyan baƙi, yana tsaye kan kayansa har sai ya ga sun shige.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kalar talabijin iri-iri ce. Saudiyya a lokacin tana watsa shirye-shirye da tsarin SECAM na Faransa, irin wanda Nijar ta ɗauka, Najeriya kuwa tana kan PAL na Jamus tun da tashar Jos ta fara kala a tsakiyar shekarun 1970. Duka biyun layi 625 suke zana hoto, don haka in aka kunna akwatin SECAM zalla a Kano hoto zai fito, amma fari da baƙi. Wanda ya sayi mai karɓar kowane tsari ya huta. Saura kuwa sai an dangana da mai gyara.

Namu mai gyaran wani dattijo ne a Sabon Gari, kowa Malam yake ce masa. Da ya ga tawa sai ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau, yarenta ne ya bambanta da na gidan talabijin ɗinmu." Ya samo ɗan allon da ke fassara kalar PAL daga wata tsohuwar da ta mutu, ya dasa mata, ya kuma duba maɓallin wuta, domin gidaje da yawa a Riyad wutar bolt 127 suke sha, tamu kuwa ta haura 220.

A shagon nan na fahimci yadda hoto ke samuwa. A wuyan kwalbar akwai bindigogi 3, na ja da kore da shuɗi, suna harba ƙwayoyin lantarki ta cikin wata siririyar ragar ƙarfe zuwa fuskar gilashi, inda suke tayar da haske. In ragar ta kama maganaɗisu, saboda jijjigar tafiya ko ajiye lasifika kusa, sai ka ga tabo ruwan hoda ko kore a kusurwa. Malam yakan ɗauko wani zoben waya mai aiki da lantarki, ya yi ta kewaya fuskar da shi, yana ja da baya sannu a hankali har tabon ya ɓace. In fuskar mai karanta labarai ta fito da inuwa ja a gefe guda, shuɗi a ɗayan, sai ya jingina madubi a gaban akwatin, ya zauna ta baya yana murza zobban da ke wuyan kwalbar har launukan su hau kan juna. Hoto mai hazo kuwa maganinsa yana jikin filaibak, inda maɓallin kaifin hoto yake. Nan ne wutar ke kai wajen bolt 25,000, shi ya sa ba ya barin yaron shago ya sa hannu sai an sauke ragowar wutar da ke maƙale a kwalbar, ko da an daɗe da kashewa. Hoto in ya tsuke ko ya naɗe daga sama, kafasito ne ya bushe. In yana zuwa yana ɗaukewa sai an buga gefen akwatin, dalma ce ta tsage saboda zafi, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya sake narkawa.

Da wannan talabijin iyalina da maƙwabta suka kalli CTV 67 da NTA Kano. A kanta aka ga gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya ta 1989 a Saudiyya, ranar da yaranmu suka farke ci 4 da Tarayyar Sobiyet ta zura musu a Dammam, da wasan ƙarshe a Riyad da Fotugal ta doke mu da ci 2 da nema. Zauren gidanmu ya cika maƙil, yara har kan taga.

Sony ta daina ƙera Trinitron a 2008. Na zamani sirara ne, hotonsu garau, amma in gilashin ya tsage sau da yawa kuɗin gyara ya kusa na sabuwa, sai a jefar. Yaran shagunan da na sani sun koma gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Abin da nake kewa shi ne zamanin da ake ƙera kaya don a iya buɗe su a gyara, da mutanen da ba su taka jami'a ba amma suna karanta ciwon na'ura daga launin hotonta. Irin su Malam kaɗan suka rage a Kano da Zariya da Maraɗi. Ya kamata makarantun koyon sana'a su neme su, su zaunar da ɗalibai a gabansu tun suna da ƙarfin riƙe ƙarfen dalma.