Kwarin Ahr: Inabi a Gangare, Mutane a Bakin Ruwa

Duk wanda ya saba sauraron Sashen Hausa na rediyon Jamus ya san sunan birnin Bonn. Kimanin kilomita 30 kudu da birnin akwai wani ƙaramin kogi mai suna Ahr, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Eifel ya faɗa cikin kogin Rhine. A gefensa, cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 25 ba, ake noman inabi a gonakin da jimillarsu ba ta kai hekta 600 ba. Ɗan ƙanƙanin wuri ne, amma ya fita daban: kusan kashi 80 cikin ɗari na inabinsa ja ne, alhali a sauran Jamus fari ne ya rinjaya.

Ko ga wanda giya ba ta cikin abin shansa, wannan abin nazari ne ta fuskar noma. Jan inabi zafi yake so, domin launin da ake nema a ɓawo yake, ɓawon kuwa ba ya nuna sosai sai ya sha rana. Shi ya sa aka fi sanin jar giyar inabi da Sifaniya da Italiya da kudancin Faransa. Kwarin Ahr yana sama da digiri 50 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, yayin da Kano take wajen digiri 12. A can rana a karkace take zuwa, lokacin zafi kuma gajere ne.

Abin da ya ceci manoman shi ne siffar kwarin. Matsattse ne mai zurfi, kuma a gangarorin da ke fuskantar kudu aka dasa kuringa, a kan matakalan dutse da aka gina da hannu. Hasken da zai goge shimfiɗaɗɗen fili ya wuce, a nan kai tsaye yake dukan ganye. Ƙasar ba ta da kauri. Ƙarƙashinta wani dutse ne mai duhu da ke tsagewa falle-falle, yana shan zafi da rana, ya riƙa sakinsa cikin dare. Tsaunukan Eifel kuma suna tare iskar yamma mai ɗauke da ruwa. Sai manoman suka riƙe irin da ya dace da wannan ɗan ɗumi, wato Pinot Noir na yankin Burgundy a Faransa, wanda Jamusawa ke kira Spätburgunder, mai siririn ɓawo da saurin nuna. Aikin yana da wuya, don akwai gangaren da tarakta ba ta iya hawa. Ba mamaki da ƙananan manoman ƙauyen Mayschoss suka haɗa kai tun 1868 suka kafa ƙungiyar gama-kai, wadda ake ɗauka ita ce mafi daɗewa ta manoman inabi a Jamus.

To, a daren 14 ga Yulin 2021 wannan siffa ta nuna ɗaya fuskar tata. An tafka ruwan sama a tsaunukan Eifel a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe. Dutsen da ke riƙe zafi ba ya shan ruwa, gangaren da ke tattara hasken rana shi ne ya tattara ruwan ya zuba a matsattsen kwari. Ma'aunin ruwa na garin Altenahr bai kai ga nuna ƙololuwar ambaliyar ba, domin ruwan ya tafi da shi. Fiye da mutum 130 suka rasu a kwarin, gadoji suka karye, layin dogo ya tsinke. Abin da ya fi ɗaci, sai can cikin dare hukumar gundumar ta ba da umarnin kwashe mutane, lokacin da ruwa ya riga ya shiga gidaje.

Yawancin kuringar ba abin da ya same su, tunda a sama suke. Abin da ke ƙasa ne ya tafi: gidaje, injunan matsa, da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa inda ganguna ke ɗauke da amfanin shekarun baya. Gari ya waye inabi na ci gaba da girma a gangare, masu shi kuwa ba su da inda za su kai shi. Manoma daga wasu yankunan Jamus suka zo da ma'aikata da kayan aiki har aka yi girbin shekarar. Kwalaben da aka tono daga laka aka sayar da su da lakarsu a jiki, da sunan Flutwein, wato giyar ambaliya, aka tara miliyoyin yuro.

An faɗi cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba, amma tarihin kwarin bai goyi bayan maganar ba. An yi mummunar ambaliya a 1804, an sake yi a 1910, dukansu da asarar rayuka. Taswirorin haɗari da hukuma ke aiki da su kafin ambaliyar 2021 an gina su ne a kan alƙaluman ma'aunin ruwa, waɗanda suka fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka waɗancan biyun ba su shiga lissafi ba. Wannan sakaci ne, ba a iya jingina shi ga sauyin yanayi, ko da yake masana sun nuna cewa ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan mamako a yankin. Ita dai ɗumamar ce ta sa a shekarun baya-bayan nan inabin Ahr ke nuna cikin sauƙi fiye da yadda kakannin manoman suka sani.

Da aka zo batun sake gini, gidaje ƙalilan ne hukumar jihar Rhineland-Palatinate ta hana a mayar da su inda suke. Gangaren na kuringa ne, kuma da ƙyar ake gini a kansa. Filin da ya rage wa mutane shi ne na bakin kogi, a nan ne mafi yawansu suka sake aza harsashi.