Telan da Ya Sayar da Sunansa

A farkon watan Mayun 1977, kimanin mako guda bayan buɗe gidan rawar Studio 54 a birnin New York, aka ɗauki hoton Bianca Jagger zaune bisa farin doki a tsakiyar filin rawa. Bikin zagayowar ranar haihuwarta ake yi, mai shirya bikin kuwa shi ne Halston, wanda a lokacin babu mai zanen tufafin da ya kai shi suna a Amurka. Fim ɗin tarihin rayuwarsa da Frédéric Tcheng ya fitar a 2019 cike yake da hotunan wannan zamani na disko: fitilu, kiɗa, hodar iblis, da Liza Minnelli a gefensa. Ido yakan so ya tsaya a nan, ya yanke hukunci cewa sharholiya ce ta ci mutumin. Ta ci rabonta, babu shakka. Amma abin da ya kayar da shi ya riga Studio 54 zuwa duniya da shekara huɗu.

Roy Halston Frowick, haifaffen Des Moines a 1932, da ɗinkin hula ya fara. Shi ya yi hular da Jacqueline Kennedy ta sa ranar rantsar da mijinta a 1961. Da ya koma ga riguna, sai ya kori maɓallai da zif da duk wani tarkace, yana yanka yadi a karkace domin ya bi jiki da kansa. Rigarsa ta 1972, wadda ya ɗinka da Ultrasuede, wani yadin Japan mai kama da fata amma ana wanke shi a inji, ta karɓu ƙwarai. Gwanin almakashi ne na gaske, kuma fim ɗin ya kyauta da ya ba wannan ɓangare lokacinsa.

A 1973 ya sayar da kamfaninsa ga Norton Simon a kan dala miliyan 16. Cikin abin da aka saya har da sunan Halston. Shekara goma cinikin yana kama da sa'a: turarensa na 1975 ya kawo kuɗi masu yawa, ya koma ofis mai bangon madubi a benen Olympic Tower, shugaban kamfanin kuma abokinsa ne, ba ya tambayarsa nawa aka kashe a kan furanni. Hausawa na cewa suna linzami ne. Nasa dai yana hannun wani tun ranar da ya sa hannu a takarda, ba a ja ba ne kawai.

Daga nan komai ya zo da sauri. Ya ƙulla yarjejeniya da JCPenney, kantin masu ƙaramin ƙarfi, domin ya tufatar da kowa da kowa. Kantin Bergdorf Goodman, inda ya yi suna da hulunansa, ya fitar da kayansa nan take. (Yau manyan masu zane suna irin wannan ciniki ana tafa musu, shi laifinsa sammako.) A 1983 Esmark ya haɗiye Norton Simon, a 1984 Beatrice ya haɗiye Esmark. Sababbin iyayen gida masu lissafi ne, ba su san shi ba, ba su kuma ga dalilin jure wa ma'aikacin da yake zuwa ofis da rana tsaka yana daka wa mutane tsawa ba. Kafin 1984 ta ƙare an raba shi da ofishinsa.

Tcheng ya saka wata ƙagaggiyar mai adana kaset, wadda Tavi Gevinson ta fito a matsayinta, tana bin sawun labarin kamar mai binciken kisa. Wannan ado bai ƙara komai ba. Tsofaffin ma'aikata da manajoji da suka zauna gaban kyamara, kowa yana kare kansa, sun fi ta tayar da hankali.

Halston ya yi ta neman sayen sunansa, bai samu ba. Revlon ya mallake shi a 1986. Wasu suka ci gaba da zana riguna ana manna musu sunan, mai sunan yana zaune a gida ba shi da ikon ɗinka ko ɗankwali ya sayar da shi. Ya mutu a San Francisco ranar 26 ga Maris 1990, sanadin cutar ƙanjamau, yana da shekara 57.