Aliero, Jega da Maiyama: Abin da Na Gani a Hannun Iyaye Mata

Sunan jaririyar ƙanena ne ya ɗaga ni daga Sakkwato zuwa Maiyama a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke tilasta wa matafiyi sammako. Ina da goggo a Aliero, ina da ƙawa a Jega, garuruwan uku kuma a kan titi ɗaya suke, wanda ya ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ya miƙe har Yawuri. Sai na ƙudura in yada zango wurin kowacce. Akwai kuma tambayar da ta daɗe tana cin raina, ni da nake uwa kuma malamar makaranta. Me ya sa wani gida za ki shiga ki tarar komai a mazauninsa, uwar gida har tana da sukunin shimfiɗa tabarma ta gaisa da baƙuwa, wani gidan kuwa, samu ɗaya, yawan 'ya'ya ɗaya, amma uwar tana kai da kawo tun asuba har dare aikin bai ƙarewa?

Kafin ido ya ga Aliero hanci ya riga ya sanar. Lokacin cirar albasa ne, buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. An san garin da albasa, an san shi da masu ɗorin karaya da ake kawo wa majinyata daga nesa, tun 2006 kuma aka ƙara saninsa da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, wadda aka kafa zamanin gwamna Adamu Aliero. A bayan gari na ga rudu jere, wato rumfunan kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa albasar da aka adana.

"Maraba da ɗiyata, kin sha hanya. Ya kinka baro mutanen gida?" in ji Goggo, tana miƙo mini ƙwaryar fura. Tsakar gidan a share, lawashi baje a kan tabarmi yana shan rana. Da shi take yin gabu, ta daka ta cura ta busar, ta sayar wa mata su sa a miya lokacin da ɗanyar albasa ta yi tsada.

Goggo ba ta rubutu, ba ta duba agogo. Da salla take auna aikinta. Bayan asuba a hura wuta, a yi ɗumame da koko, yara su tafi makarantar allo su dawo su wuce ta boko. Da hantsi a yi surfe, a aika niƙa inji, a yi wanki. Kafin azahar fura ta haɗu. Tsakanin azahar da la'asar nata ne, ko ta kishingiɗa ko ta yi gabunta, kuma kowa a gidan ya san ba a kiranta sai da dalili. Ana sallame la'asar tukunyar tuwo ta hau murhu, kafin magariba an raba kwanuka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayan isha'i. Ba ta kwanciya sai ta jiƙa geron koko, ta jawo itacen safe kusa da murhu, ta cika randa, ta sa kowane yaro ya nuna mata rigar makarantarsa da takalmansa.

"Aikin sahe da dare aka fara shi," in ji ta. "In kinka bari sai gari ya waye, ke da hushi kuka tashi, ɗiya kuma su kwashi faɗan da ba su jawo ba."

Da na tambaye ta batun kuɗi, sai ta nuna mini rudun mijinta. Albasa a lokacin cira arha take, wanda ya iya adana ta wasu watanni shi ke cin riba, ko da yake wani kason ruɓewa yake yi. Kuɗin manomin albasa a dunƙule suke zuwa, kuma abin da ya zo a dunƙule yana iya tafiya a dunƙule. Don haka duk ranar da aka yi babban ciniki, a daren suke zama ita da mijinta. A fara fitar da na hatsin shekara, gero da dawa. A fitar da na makaranta, a fitar da na magani, a ware na ɗinkin salla tun kafin teloli su cika. Abin da ya rage shi ne na sauran buƙatu. Da tiya take auna hatsin kullum, ta san ranar da buhu zai ƙare tun ranar da aka kwance bakinsa. Kuɗin gabu da na awakinta kuwa adashi suke shiga, kwasarta ita ce kayan ɗakin 'yan mata da gudummawar biki.

Daga Aliero zuwa Jega ba nisa. Jega mararraba ce, a nan hanyar Birnin Kebbi ta rabu da ta Yawuri, garin kuma na zaune a gefen gulbin Zamfara. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce, sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega, kasuwarsa kuma ta yi suna tun zamanin da fatake ke bi ta nan zuwa Gwanja sayen goro. Har yau hayaniyar ciniki ce ke tarbar baƙo: shinkafa, kifi, tattasai, dabbobi, 'yan kabu-kabu na kutsawa tsakanin motoci.

Ƙawata ma'aikaciyar lafiya ce, a kwalejin koyon aikin lafiya ta nan Jega ta yi karatu. 'Ya'yanta huɗu, aikinta kuma wani mako na safe, wani mako na dare. Tsarin Goggo na bin salla bai isar mata, don akwai ranar da magariba a wurin aiki za ta same ta. Ita takarda ta kama. A bangon ɗakinta akwai kalanda da ta cika da alamu: ranar aikin dare, ranar zubin adashi, ranar biyan kuɗin Islamiyya, ranar taron iyayen yara. Mijinta da babban ɗanta duk sun iya karanta alamun, ba sai an tashe ta daga barci an tambaye ta ba. A cikin akwati kuma akwai jaka guda da ba a sa komai a ciki sai katin rigakafi, takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa.

"Malama, abin da ban rubuta ba a kaina yake kwana," in ji ta. "In na rubuta, na sauke shi."

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin abin hawa ya tashi, sai ta daina zuwa kasuwa kullum. Sau ɗaya take zuwa a mako da jerin abin da za ta saya. Ta markaɗa kayan miya da yawa, ta tafasa har ruwan ya tsotse, ta soya da mai, ta yadda zai kwana biyu ko babu wutar firij. Lokacin arhar tumatir takan yanka ta shanya kauɗa. Kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa ba sa yankewa a gwangwanayenta. Ranar aikin dare tuwo kawai za a tuƙa, miya na nan.

A wurinta na fahimci cewa tsarin gida ya wuce batun shara da wanke-wanke, har ran yaro yana ciki. Rigakafin jariri yana da ranakunsa: ranar haihuwa, mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, wata tara, da wata goma sha biyar. A watan Disamba na 2024 kuma aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka soma da jihohin Kebbi da Bayelsa, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ma zuwa huɗu ne. Ƙawata ta ce yawancin matan da ke tsallake rana ba ƙin allurar suke yi ba. Ko kati ya ɓace, ko ranar ta faɗo kan girkinta, ko babu wanda za ta bar wa sauran yara. Shi ya sa ba ta tsayawa ga rubuta kwanan wata a kati. Takan ce wa uwa, "Ki ƙirga Juma'a huɗu, ranar da ta biyo baya ki dawo," ta kuma ce a faɗa wa maigida shi ma ya riƙe.

Daga Jega muka yi kudu zuwa Maiyama, a kan hanyar Koko. Fadamu kore shar da shinkafar rani duk da ƙunar rana. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar, aikin mata ma ya ƙaru, don su ke turara ta a manyan tukwane, su shanya, a kai inji.

Gidan su ƙanena babban gida ne, sassa da yawa, tsakar gida ɗaya. Na isa ana gobe suna, na tarar Inna, tsohuwar gidan, zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana rabon aiki. Wannan ita ce mai waina, waccan mai tuwon shinkafa, samari su kawo ruwa da itace, wata ta tsaya a kan kwanukan maƙwabta kada su cakuɗe. Mai jego kuwa ba abin da ta ɗaga sai jaririyarta, kuma haka za ta zauna har ta yi arba'in, ana dama mata kunun kanwa ana dafa mata ruwan wanka. A ranakun da ba na biki ba ma haka gidan yake tafiya. Inda mata biyu suke, kwana bibbiyu suke girki, wadda ta fita girki ta samu sararin turara shinkafarta ko zuwa asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a gidan nan ba a bar hannu ɗaya ya gwada ba.

A nan kuma na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata yarinya daga maƙwabta, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, goye da ƙaninta, tire a kai, da hantsi, lokacin da sa'o'inta ke aji. Na bi ta har gidansu. Gida tsaf, an share, an wanke, tukunya na kan wuta. Wanda ya leƙo zai yaba wa uwar, kuma ta cancanci yabo, don mijinta ya tafi ci-rani, ita kaɗai ke fama.

"Yaya, in ta tahi makaranta, wa zai riƙe mani yaro in yi sana'a? Mi za mu ci?" in ji uwar, da na yi mata maganar karatun yarinyar.

Tambayarta gaskiya ce, ba ta raini ba. Amma tsaftar gidan nan da tsarinsa da karatun yarinyar aka saye su, kuma ya yi tsada. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, sai dai doka ba ta goyon jariri. Mutum ne ke goyo. Da maganar ta kai kunnen Inna, sai ta aika aka kira matar. "Ki riƙa kawo mani shi da sahe, ga jikokina nan su yi wasa tare. Abin saidawa ki aje bakin ƙofa, in ta taso makaranta ta kama maki." A gabana suka daidaita a kan haka.

Abin da Inna ta yi yana da asali a ƙasar nan. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Dattawan mata da ake kira jaji su ke jagorantar tafiya daga ƙauyuka zuwa wurinta, tare da 'yan mata ƙanana, su koyo karatu su koma su koyar da matan aure da hidimar gida ta hana fita. Tsofaffi sun ɗauki nauyi, 'yan mata kuma neman ilimi aka tura su. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa idan yana gida. A wani sashe na gidan su ƙanena na ga ana aiki da wannan: maigida ke cefane, shi ke kai yaro asibiti, 'ya'ya maza ke ɗebo ruwa su wanke kayan makarantarsu. Matar sashen ce na ga ta fi kowa sakin fuska ranar suna.

Da na haɗa abin da na gani a garuruwan uku, amsar tambayata ta fito. Goggo da salla take aunawa, ƙawata da kalanda, Inna da baki take rabawa, amma babu ɗayarsu da ta riƙe gida da ƙarfin jikinta kaɗai. Kowacce ta san aikin gobe tun yau, ta san abin da ya shigo da inda zai tafi, ta kuma san aikin da za ta miƙa da wanda za ta miƙa wa.

'Yar'uwa mai fama da gida, ki fara aikin safe tun dare, ki tara takardun yara wuri ɗaya, ki ware wa kanki lokacin hutu, ki koya wa ɗa namiji aiki kamar yadda kike koya wa mace. Maigida, ka zauna da matarka ranar da kuɗi suka shigo, ka riƙe ranar rigakafin ɗanka kamar yadda kake riƙe ranar kasuwa. Iyayenmu tsofaffi, ku karɓi goyon awa biyu ko uku domin jika ta je aji. A raba aikin gida a kan kowa, kada a tara shi a kan uwa, kada kuma uwa ta sauke shi a kan 'yarta.