Kafin A Kama Gida, A Tambayi Makaranta

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba kamar yadda muka saba, abin da ya faru da ni ne da kaina, na ga ya kamata in faɗa, ko Allah zai sa wata ta amfana.

A watan Oktoba na shekarar 2022 muka bar Kano muka bi maigidana zuwa Ingila, garin Biradfod, inda ya samu aiki a asibiti. Yaranmu biyu, babbar mai shekara 10, wadda kunya ta hana ni kama sunanta, sai auta mai shekara 5. Wallahi kafin mu tashi babu abin da ban ƙulla ba, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, har turaren wuta. Amma ko sau ɗaya ban zauna na tambayi yadda makarantar yara take a can ba. A zatona irin namu ne, ki zaga ki ga wadda ta yi miki, ki biya kuɗi, gobe yaro ya sa yunifom.

Ashe ba haka ba ne. Makarantar gwamnati a can kyauta ce, amma ba ke za ki nuna da yatsa ki ce wannan nake so ba. Fom za ki cike ki jera waɗanda kike so, a duba inda akwai gurbi, kuma in masu nema sun yi yawa, galibi wanda gidansa ya fi kusa ake fara ba. Kun ga ke nan ranar da maigida ya sa hannu a takardar haya, ranar ya zaɓa wa yara makaranta bai sani ba. Shi araha ya duba da kusancin wurin aiki. Ga shi kuma mun zo a makare, don shekarar karatu tun watan Satumba ta fara. Masu shiga firamare tun 15 ga Janairu suke rufe nema, masu shiga sakandare kuwa 31 ga Oktoba.

Abu na biyu shi ya fi ƙona mini rai. A Kano 'yar tawa daga aji biyar ta tsallaka, har ta fara aji ɗaya na ƙaramar sakandare, muna ta alfahari. A can kuwa shekarun haihuwa ake bi wajen ba da aji, sai aka ce ta koma aji shida na firamare. Yarinyar nan ta kwana tana kuka, tana cewa, "Umma, me zan gaya wa ƙawayena in sun kira?" Ni ma na juya baya na share nawa.

Makarantu biyu aka ce suna da gurbi. Ɗaya tana bayan gidanmu, tafiyar minti goma, yawancin yaran 'ya'yan Musulmi ne 'yan asalin Pakistan, ana ba da abincin halal, 'yan mata da ɗan hijabinsu. Ɗayar sai an hau bas, yaran Musulmi ba su da yawa, amma hukumar duba makarantu, wadda suke kira Ofsted, ta ba ta matsayi mafi girma cikin matakai huɗun da take rabawa a lokacin. Akwai ta kuɗi ta Musulunci, amma da muka ji kuɗin shekara muka haɗa da na haya, sai muka kalli juna muka yi shiru.

Nan fa rigima ta tashi. Maigida ya ce, "Haba uwargida, don me muka baro gida in ba don karatun yaran nan ba?" Na ce, "Malam, ni tarbiyya nake ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Kwana uku muna gaisuwa sama-sama. Da na kira Hajiyarsa ina neman ta goya mini baya, sai ta ce, "Ke 'yar nan, kin je kin gani da idonki, ko kuwa a takarda kuke ta faɗa?" Kunya ta kama ni, don gaskiya ban je ko ɗaya ba.

Washegari na sa rigar sanyi na je duka biyun. A ta nesa aka karɓe ni da fara'a, komai tsaf, amma na lissafa bas biyu safe da yamma, ga shi a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, ni kuma ba mota ba, ba 'yar aiki ba. In sun dawo a gajiye, yaushe za su je karatun masallaci da ake yi daga biyar zuwa bakwai? A ta kusa kuwa shugabar ta zaunar da ni, ta nuna mini littattafan yara, ta bayyana mini cewa iyaye suna da ikon cire ɗansu daga darasin addini in sun so, amma darasin zamantakewa da dangantaka tun 2020 ya zama dole. Ta ce in zo in ga abin da ake koyarwa da idona. Ta kuma gargaɗe ni kada in ɗauki yara mu tafi gida hutu ana cikin karatu, don tara ake ci, fam 60 a lokacin, wadda ta koma fam 80 a 2024.

Ta kusa muka ɗauka. Amma kada ku ce na ci nasara a kan maigida, don abin da na gudu bai bar ni ba. Ni na zaci tunda yaran Musulmi ne an gama. Bayan wata shida auta ya dawo yana ce mini ba ya son tuwo, in na yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Ran nan Hajiya ta kira, ta ce, "Maigidana, ina kwana?" Yaron nan ya tsaya yana kallona in fassara masa. Ba ta ce komai ba, sai cewa ta yi Allah ya raya. Daren nan ban runtsa ba.

Tun daga ranar muka kafa doka, in an shigo gida sai Hausa. Bayan Magariba a biya karatu, in yi musu tatsuniya ko da gajera ce, ranar Asabar kuma su gaida Hajiya da bakinsu. Ba kullum dokar take tsayawa ba, wataran ni ma gajiya take kayar da ni. Ita kuwa babbar, komawa bayan da ta yi wa kuka ya zame mata alheri, don ta samu shekara guda ta saba da harshensu kafin ta shiga sakandare a 2023.

To 'yar'uwa, in tafiya ta kama ki, ki tambayi makarantun unguwa kafin maigida ya biya haya. Ki riƙo takardar haihuwar yara da katin rigakafinsu. Ki shirya wa yaro zuciyarsa game da ajin da za a sa shi. Ki taka da ƙafarki ki gani, don gani ya kori ji. Sannan ki sani duk wadda kika zaɓa, ba za ta koya masa gaida kakarsa ba, wannan aikinki ne.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.